Yadda Aka Ƙirga Mutanen Sai-Haƙuri

A wani gari wai shi Komai-Lafiya, majalisa ta kafa doka mai cike da hikima: ba za a kai titi wani ƙauye ba sai mutanensa sun cika ɗari biyar. Ofishin Ƙidaya Daga Inuwa ma yana da tasa dokar, cewa ma'aikaci ba ya taka inda mota ba ta zuwa, saboda takalman ƙafarsa kayan gwamnati ne.

Ƙauyen Sai-Haƙuri yana can bayan rafi biyu da fadama, tafiyar rabin yini daga kwalta. Shekara ashirin ba a ƙirga su ba don babu titi, ba a kuma yi titin ba don ba a ƙirga su ba. Kowa ya yaba da wannan tsari, musamman masu mota.

Wadda ba ta yaba ba ita ce Inna Dudu, wata tsohuwa a Sai-Haƙuri. 'Yarta ta fari a kan amalanke ta rasu, shanu na jan ta zuwa asibiti tana naƙuda. Yanzu ga ƙanwar, Hansai, da cikin wata huɗu. Tsohuwa ta tasa mai unguwa a gaba.

"Tunda ba za su zo ba, mu mu kai musu kawunanmu," in ji ta.

Haka kuwa aka yi. Ranar wata Laraba ƙauyen ya tashi kaf, har da tsofaffin da aka goyo da jariran da ba a yi musu suna ba. Suka yi layi a bakin kwalta, shugaban ƙidaya Malam Sallau ya sauke gilashin mota rabi ya ƙirga su. Mutum ɗari biyar da tara.

"Madalla," ya ce. "Bakin Kwalta, ɗari biyar da tara."

"Ranka ya daɗe, mu 'yan Sai-Haƙuri ne," in ji mai unguwa.

"Inda aka ƙirga mutum nan ne garinsu. Kun cancanci titi, ga shi kuwa kuna tsaye a kansa. Ina taya ku murna."

"To Sai-Haƙuri fa?"

"Yanzu akwai kowa a can?"

Mai unguwa mutum ne mai tsoron Allah, bai iya ƙarya ba. Ya ce babu. Malam Sallau ya rubuta "kufai", ya ɗage gilashi.

Majalisa ba ta son ganin ƙasa tana zaman banza. Cikin mako guda aka ba shugaban majalisar, Alhaji Gobe-Gobe, kufan ya yi gonar kiwo. Abin da ya gagara shekara ashirin sai ga shi an gama a wata uku: kwalta sumul, gada biyu, da ƙofar ƙarfe a mashigar ƙauyen. Ba a kori kowa ba, a yi wa majalisa adalci. Ai ba a korar mutanen da babu su.

Naƙuda ta kama Hansai da hantsi. Aka shimfiɗa ta a amalanke aka nufi ƙofa, Inna Dudu na riƙe da hannunta, zuciyarta cike da tsoro. Mai gadi ya fito da littafi.

"Inna, daga ina?"

"Daga Sai-Haƙuri, ɗan nan. Buɗe mana, yarinya tana zubar da jini."

Ya duba shafi, ya sake dubawa.

"Babu kowa a Sai-Haƙuri, Inna. In na buɗe, wa zan rubuta ya wuce?"

Suna cikin haka sai ga motar gona ta taho a guje tana oda. Mai gadi ya ruga ya wangale ƙofa. A bayan motar wata saniya ce kwance a kan ciyawa mai laushi, haihuwa ta zo mata da gardama, za a kai ta wurin likita.

Ya mayar da ƙofa ya datse, ya waiwayo a ladabce.

"Ki yi haƙuri, Inna. Ita saniyar an ƙirga ta, da lamba a kunnenta."