Rasuwar Mai Tumbi, Injin Kwaɓa Siminti na Unguwar Piedras Blancas

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, ni Efraín Quiñones Lebrón, magini a unguwar Piedras Blancas ta garin Aguada, a madadin kaina da mahaifiyata Doña Milagros, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan aiki rasuwar injina na kwaɓa siminti, wanda kowa ya fi sani da Mai Tumbi. Ya rasu a watan jiya, wata Asabar da rana tsaka, a ƙofar gidanmu, yana bakin aiki, cikinsa cike. Sanarwar ta yi jinkiri. Na jira ne a cire katakon da ya tallafi zubin rufi, a yi ruwan sama, in ga abin da zan rubuta.

Marigayi ya zo hannuna a shekarar da kuɗi suka yi arha. Lokacin annoba ne. A rediyon motar Kawu Chago, ƙanen mahaifiyata da ya koya mini gini, muka ji cewa babban bankin Amurka ya buɗe famfo, yana ta sayen takardun bashin gwamnati da na gidaje, don kuɗin ruwa ya sauka, mutane su ranta su yi gini, marasa aiki su samu abin yi. Kawu ya rage muryar rediyon ya ce, "Ɗana, in ka ji an buɗe famfo a gidan manya, kai dai kai bokitinka. Ko fantsali ne ya ishe mu."

Fantsalin ya zo kuwa. Wanda ya yi shekaru yana kallon fegi ya tashi zai gina. Baƙi daga Amurka suka tsallako teku zuwa tsibirinmu da kuɗin da suka ranto a araha, suka yi ta sayen gidajen bakin ruwa, suna so a ƙara musu bene da wurin iyo. Ni da na saba zaman jiran kira a gindin mangwaro, sai ga ni ina ba mutane haƙuri. A cikin wannan yalwa na sayi Mai Tumbi, na hannu, ja, fentinsa ya koɗe a gefe guda.

Ya kasance mai haƙuri da juriya. Bai taɓa raina aiki ba, na mai kuɗi ne ko na gwauruwar da take son a gyara mata matakala. Ja biyu ake yi wa igiyarsa ya tashi, ya yi tari, sannan ya kama waƙarsa: gwaram, gwaram, gwaram. Idan tsakuwa ta shiga, sai muryar ta yi kauri. 'Yata Nayeli tun tana jaririya da wannan ƙara take barci. Abu ɗaya ya nema a wurina, kada a bar shi da siminti a ciki. Duk yamma nakan zuba masa ruwa da tsakuwa ya kurkure cikinsa, ko da na gaji, ko da ana jirana.

Gidaje da yawa ya gina a Aguada, amma babu ɗaya a cikinsu da zan iya saya. Kuɗin ruwa ya sauka, gaskiya ne, sai dai kuɗin gida ya hau ya bar mu a ƙasa. Gidan da ni da matata Yarelis muke haya aka sayar da shi, yanzu masu yawon shaƙatawa ke kwana a ciki. Muka dawo ɗakin baya na gidan Mama. Mahaifina, kamar kowa a nan, ya bar rodi a tsaye a kan rufinsa domin ɗan da zai ɗora nasa ɗakin a sama. Na fara ɗora bulo a hankali.

Rashin lafiyar marigayi ta fara ne daga zaman banza. Kaya suka yi tsada, sai aka rufe famfon, kuɗin ruwa ya hau. Mai fegi ya koma kallon fegi. Manyan ayyuka suna nan, amma suna da motocinsu na kankare, ba su neman irin Mai Tumbi. Ya yi watanni a ƙarƙashin tamfol, iskar teku tana cin sa. Nakan tashe shi jefi-jefi ya ɗan juya wayam, muryarsa ba daɗi.

A cikin wannan zama ne yayar Yarelis ta samo mata aiki a wani otal a Florida. Yarelis ba mai yawan magana ba ce. Ta ce, "Fraín, ni ba gudu nake so in yi ba. Ka ba ni rufin da ba ya yoyo, ɗaki ɗaya ma, in zauna. Yarinyar nan ta fara tafiya, ba inda za ta taka sai kan ƙafar Mama."

Muka sa ranar zubin rufi. Kowa ya san yadda ake yi. Maƙwabta su zo da sassafe, a yi layi daga titi zuwa sama, bokiti na bin hannu, Mama tana dafa farfesun kaza da shinkafa a babbar tukunya. Kowa kuma ya san dokar: in an fara zubi ba a tsayawa sai an kai ƙarshe. In kwaɓin farko ya fara kamawa kafin na biyu ya iske shi, ba za su haɗu ba har abada, ruwa zai bi ta tsakaninsu.

Mai Tumbi ya tashi a ja na huɗu. Kawu Chago ya ce, "Kai Tumbi, wata nawa kana kwance kamar ɗan majalisa, yau za ka biya kuɗin masauki." Aka yi dariya. Ya yi aiki har muka wuce rabi. Daga nan muryarsa ta canza. Gwaram, gwaram, sai wani tak, tak, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ya juya rabin juyi ya tsaya. Hayaƙi kaɗan ya fita. Na ja igiya, ta ƙi motsi.

Cikinsa cike yake da kwaɓi, haƙoran da ke karkata tumbin kuma sun cije. Kwashe shi da hannu zai ci mutum biyu da lokaci mai yawa, rana ga ta a tsaye, rufi yana bushewa. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, ɗaya za ka ɗauka, injin ko ɗakin. Yi maza, siminti ba ya jiran mai tunani."

Na ce a kawo shebur. Muka koma kwaɓi a kan titi irin na da, tsofaffi da samari, har Yarelis ta shiga layin bokiti. Muka kai ƙarshe da la'asar. Da na sauko na taɓa cikin Mai Tumbi, ya zama dutse, da sauran ɗumi.

An cire katako a makon jiya. Akwai wani siririn layi da ya ratsa rufin daga bango zuwa bango, inda kwaɓinsa ya ƙare namu ya fara. Ranar Talata aka yi ruwa. Ni da Yarelis muka hau muka tsaya a ɗakin. Layin ya yi duhu, sannan ya fara ɗiga, daidai inda muka ce gadon Nayeli zai zauna. Yarelis ta jawo bokiti da ƙafa ta tara. Ta ce, "Ka yi ƙoƙari, Fraín. Na gani da idona." Ta sauka ta kira yayarta.

A rediyo har yanzu suna gardama ko buɗe famfon nan ya yi amfani. Wasu su ce ya hana mutane rasa aiki, wasu su ce ya kumbura gidaje ne kawai. Ina jinsu. Duk wanda ya yi magana sai in ga kamar yana da gaskiya.

Marigayi ya bar baro ɗaya mai lanƙwasasshiyar ƙafa, da shebura, da bokitai, da tamfol, da ni. Ya bar gidaje masu kyau a bakin ruwa, waɗanda ba su san sunansa ba.

Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sun ce ba za su ɗauke shi da dutsen ba. Saboda haka za a yi jana'izarsa ranar Asabar mai zuwa a bayan gidanmu, a gindin gangaren da ke zaizayewa duk damina. Za a binne shi a nan ya tokare ƙasar, ya ci gaba da riƙe gidan. Yana da nauyi, ana buƙatar maza masu ƙarfi da igiya. Mama ta ce ba za ta yi wa inji addu'ar kwana tara da muke yi wa mamaci ba, amma za ta ba da kofi da cuku da biskit.

Kada a wahala da kawo fure. Wanda ya ari bokitina dai ya dawo da shi, ana amfani da shi a sama.

A daure a zo da wuri, domin da tsakar rana zan kai Yarelis da Nayeli filin jirgi na Aguadilla. In na dawo, mai son zaman makoki ya zauna. Ba ni da aiki ranar Litinin.