Madarar da Na Riƙa Ba Kwalliya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai maƙwabciyata ƙara wurin likitan dabbobi ba. E, likitan dabbobi, ba ofishin 'yan sanda ba.

Ina da mage mai suna Kwalliya, gadon mahaifiyata ce. Da Hajiya ta rasu kowa ya ɗauki abin da ya ɗauka, ni kuma na taho da magen gidana a Dutsen Kura, domin ita ce take kwana a ƙafafunta. Matsalarta ɗaya, ciki. Takan yi sati lafiya ƙalau, sai gudawa ta dawo, ga amai, ta rame har kana ƙirga haƙarƙarinta. Gaskiya tsoro nake kada ta mutu a hannuna.

Likita ya duba ta ya ce hanjinta ne ke kumbura, ciwo ne mai tafiya yana dawowa, kuma abinci ne rabin maganinsa. Ya ba da magani, ya ce dafaffen naman kaza ba mai ba yaji, kada a ƙara komai har wata guda. Na ce to. (Ni malamar makaranta ce, ba a maimaita mini umarni.)

Amma da na ga yadda ta zube sai tausayi ya kama ni. Kullum da safe idan Inna Wuro mai nono ta biyo layinmu, sai in karɓi ɗanyar madara in cika wa Kwalliya murfin kwano don ta yi ƙarfi. A lissafina wannan ba ya cikin abin da likita ya hana. Mage da madara ai tun kaka da kakanni.

Gudawa ta ƙi tsayawa, sai na fara neman mai laifi, kuma ban sha wahala ba. Maman Joy da muke katanga ɗaya tana suyar kifi, ta kuma taɓa cewa in magen nan ta sake taɓa mata kifi za ta gani. Shi ke nan, na yanke hukunci: guba take ba ta kaɗan-kaɗan. Ban tsaya a zuciyata ba, sai da na faɗa wa matan layi uku, wanda daidai yake da sanarwa a rediyo. Wasu har suka daina sayen kifinta.

Da maganar ta koma mata ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaura ɗankwali ta ce mu je wurin likitan tare, a duba. Muka shiga keke, ni da Kwalliya cikin kwali a cinya, ita tana kallon titi.

Na zayyana wa likita komai, har da ƙarin gishiri. Ya saurara, ya tattaɓa cikin magen, ya ce bai ga alamar guba ba. Sai ya ce in faɗa masa abin da take ci daga safe zuwa dare. Na ce kaza, kaza, kaza, kamar yadda ya ce.

Maman Joy ta gyara zama ta ce da 'yar Hausarta, "Malama, ka manta madara. Kullum safe ina gani kana ba shi."

Likita ya ajiye biro. A hankali ya bayyana mini cewa yawancin manyan maguna cikinsu ba ya narkar da madara, balle mai ciwon hanji. Ya ce, "Malama, an samu mai ba ta abin da ke cutar da ita, amma ba daga waje take ba."

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na rasa inda zan sa idona, sai na ɗora shi kan Kwalliya, ita ma ta kau da kai.

Aka daina madara, cikin kwana goma ciki ya lafa. Har yanzu yakan motsa jefi-jefi, amma da kaza da magani muna lallaɓawa. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne bin gidajen nan uku ɗaya bayan ɗaya in janye maganata, sannan in tsaya gaban kaskon Maman Joy, a gaban masu saye, in ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ta ƙulla mini kifi biyu a leda, ta ce wannan nawa ne, kada in ba magen.

Tun daga ranar, idan abu ya lalace a gidana, kafin in leƙa katanga sai na fara duba murfin kwanon da ke hannuna.