Cindo da Kakin Jitar Baba Barmo

A garin Tudun Kuka akwai wani mutum mai suna Cindo. Ya haura arba'in, yana zaune a gidan ƙanensa Ilu, mai gyaran rediyo da kayan kiɗa. Cindo ba ya musu, ba ya ƙarya. Abin da aka ce masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi.

Wata rana Baba Barmo, tsohon makaɗi, ya kawo jitarsa ta lantarki. Da an ƙara murya sai ta hau ihu, ga shi ranar Asabar zai yi wasansa na ban kwana. Ilu ya ce laifin fikof ne, ɗan maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, mai naɗin waya siririya kamar gashi. Sai an tsoma shi a narkakken kakin zuma wayar ta daina rawa. Amma idan kakin ya yi zafi da yawa, robar jikinsa za ta narke, kuma an daina ƙera irinsa.

"Shi kaɗai gare ni, Ilu," in ji tsohon.

Ilu ya ce za su fara gwaji. Ya ɗora gwangwanin kaki cikin tukunyar ruwa a kan wuta, ya tsoma ma'aunin zafi a ciki, da zai fita ya ce, "Yaya, kalli wannan, kada ka motsa." Da ya dawo, ruwa ya ƙafe, kaki na hayaƙi, Cindo na zaune idanu jajur.

"Tun ɗazu yake neman kamawa da wuta," in ji Cindo. "Ban motsa ba."

Wata rana Ilu ya tsoma wani mataccen fikof, ya ce, "Kada ka cire sai kumfa ta daina fita." Cindo ya ƙara gawayi don a gama da wuri. Kaki ya soma tafarfasa, kumfa kuwa ba ta daina ba. Abin da suka tsamo daga baya ya lanƙwashe kamar soyayyen ganda. Ilu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa wa Cindo fikof ɗin Baba Barmo a ƙyalle.

"Aikinka ɗaya yanzu. Kada ka bar kowa ya taɓa wannan."

Wata rana, wato Juma'a, Baba Barmo ya zo ya zauna. Ilu ya narkar da kaki, ya duba ma'aunin zafi, allura na tsaye inda ake so. Ya motsa kakin da cokalin roba, ya bar shi ciki, ya miƙa hannu.

"Kawo, Yaya."

"Ka ce kowa."

"Ni na faɗa, ni kuma nake karɓa."

Cindo ya cusa ƙyallen a aljihu, ya haye rufin ɗaki, ya janye tsani. Ilu ya yi lallashi, ya yi faɗa. Cindo ya ƙi saukowa.

Da Ilu ya gaji ya koma wajen tukunya. Ya ɗago cokalin, sai mariƙin kawai ya biyo hannunsa, sauran ya narke a kakin. Ya ƙwanƙwasa ma'aunin, allura ba ta motsa ba. Ta maƙale tun ranar hayaƙi. Da an tsoma fikof ɗin, da shi ma ya narke.

Baba Barmo ya leƙa gwangwanin, ya ɗaga kai sama.

"Cindo, yi zamanka nan sai an aro wani ma'auni. Ko ni na roƙe ka, kada ka ba ni."

"Dama ba zan ba ka ba, Baba," in ji Cindo.