Fikof a Bayan Jita

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki jitata na tafi Salaga ba. Ko na so in manta ma, akwai mutanen da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna mini duk lokacin da muka haɗu.

Ni tela ne a Bawku, jita kuwa abin sha'awa ce da nake taɓawa in na tashi daga keke. A lokacin ina neman Salamatu, malamar makaranta a Binduri amma 'yar Salaga. Mahaifinta, Alhaji Tanko, babban ɗan kasuwar doya ne, jikan fataken goro, irin dattawan da Hausarsu ba ta sha ruwa ba. Labari ya kai masa cewa mai neman 'yarsa makaɗi ne, ya ce bai ga abin da zai yi da makaɗi a gidansa ba. Da bikin yayanta ya matso, sai Salamatu ta kawo dabara: in zo in yi waƙa ɗaya mai natsuwa, wadda za ta yi wa ango da amarya fatan alheri, tsohon ya ga da idonsa cewa ni ba ɗan iska ba ne. In ya sauko, in turo manyana. In bai sauko ba, ta ce ita ba za ta tsallake maganar ubanta ba, kuma na san da gaske take.

Matsalar ita ce jitata ta katako ce zalla, ba ta da inda ake soka waya, a taron biki kuwa ko na kusa ba zai ji ta ba. Na kai kukana wurin Masa Seidu, mai gyaran rediyo da lasifika a bakin kasuwa (Masa a wajenmu kiran girmamawa ne, kamar a ce maigida).

"Abochi, hanya biyu ne," in ji shi. "Ko ka canza jitan ka, ka ɗau wanda inji ya na ciki tun kamfani, ko ka saya fikof ka manna."

(Fikof ɗin nan ba mota ba ce. Wani ɗan faifai ne kamar murfin kwalba, mai wutsiyar waya, da ke ɗaukar motsin katako ya kai lasifika. Innata da ta ji na saya, sai da ta yi guɗa ta tambayi wa zai tuƙa.)

"Wanne ya fi?" na tambaya.

"Na kamfani ya na da maɓalli nan gefe. Ka so ka rage, ka so ka kashe, hannun ka ne. Amma batir zai iya mutu maka tsakiyan waƙa. Fikof ba batir, kuma ba maɓalli kuraa, ko ɗaya. Komi ya taɓa jita, ya ji, ya faɗa ma duniya."

Na riƙe ta kamfanin da ke shagonsa na gwada. Tana sheƙi, amma muryarta siririya ce, yatsuna kuma ba su san wuyanta ba. Tawa shekara goma muna tare, a kanta na koya, ban iya rabuwa da ita ba. Na zaɓi fikof, kuma har gobe ina cewa zaɓin nan daidai ne. Masa Seidu ya manna mini shi a fuskar jitar, kusa da inda tsirkiya take ɗaure, ya ce kada in gusar da shi ko da faɗin yatsa.

Da na isa gida na tsaya gaban madubin shago da jitar a wuya, sai raina ya ɓaci. Abin ya yi baƙi ƙirin a goshinta kamar filasta, waya na reto. Duk wanda ya gani zai san talaka ne ya yi dabara. Ni kuwa so nake Alhaji ya ga irin ta manyan mawaƙa, wadda waya ke fitowa ta ƙasa cikin mutunci. Sai na ɓamɓare fikof na mayar da shi bayan jitar, inda ba mai gani, na bi da wayar ta ƙarƙashin ɗamara. Na yaba wa kaina basira sosai a ranar.

Na kwana Yendi wurin gwaggona, na kama motar sassafe ba tare da na karya ba, don tsoron kada hanya ta juya mini ciki. Na isa Salaga wajen azahar, yunwa ta fara yi mini sallama. Aka kai ni zaure, Hajiya mahaifiyar Salamatu ta aiko da sakwarar sabuwar doya da miyar gyaɗa, naman akuya ya yi tsibi a kai. Har yau ina tuna ƙamshin nan da baƙin ciki. Amma yaya za a yi a ce mai neman aure ya zo gidan surukai ranar farko ya naɗe hannun riga? Na ce a mayar, na ƙoshi.

Hajiya ta fito da kanta, ta tsaya bakin ƙofa. "Ɗana, ka sha hanya. Ko loma biyu ba za ka yi ba?"

"Wallahi Hajiya na ci a Yendi, cikina ba wuri," na ce, kaina a sunkuye. Alhaji yana zaune gefe a kan buzu yana jin mu. (Ku lura da wallahin nan. Ba wanda ya roƙe ni ita.)

Bayan la'asar aka cika rumfa a ƙofar gida, maza gefe, mata gefe. Aka ba ni kujera gaba, na zauna na rungume jita a kan cikina. Mai lasifika ya soka wayata, na taɓa tsirkiya, sauti ya fito can ƙasa-ƙasa, tunda fikof yana inda bai kamata ba. "Masa, abin ka ba ya da ƙarfi," ya ce, ya murɗa maɓallinsa har ƙarshe, ya tafi karɓar nasa abincin.

Kafin in fara, Alhaji ya ɗaga hannu ya ce liman ya buɗe da addu'a. Wuri ya yi tsit, kowa ya ɗaga tafi. Ni ma na ɗaga, na ƙara matse jita da gwiwar hannu don kada ta zame.

Liman ya ce, "Allah ya ba su zaman lafiya."

Kafin jama'a su amsa, lasifika huɗu suka ce: ƙurrrrrr.

Wasu suka waiga suna neman babur. Wata mata ta ce hadari ne, alhali sama tas take. Ni kaɗai na san muryar, don tun Yendi muke hira da ita. Na lalubi gefen jita ina neman maɓallin kashewa, sai na tuna wancan yana jikin wadda na bari a shagon Masa Seidu. Na ja numfashi na ƙanƙame cikina, abin da ya ƙara tunzura shi ke nan. Liman ya ce, "Allah ya ba su zuriya ɗayyiba," cikina ya amsa da wata doguwa mai hawa da sauka, ta ƙare da ɗan siririn kuka kamar ƙyauren da ba a sa wa mai ba.

Mai lasifika ya dawo da gudu, hannunsa duk miya, ya bi waya yana dubawa har ta kawo shi gabana. Ya ɗaga jitar, ya ga fikof, ya dubi cikina, ya ce da ƙarfi, "Ai ba inji ba ne. Masa ne ya na jin yunwa paa!"

Liman ne ya fara dariya, kafaɗunsa na rawa, sai rumfa ta ɗauka gaba ɗaya. Na hango Salamatu ta cusa fuska cikin mayafi. Kunya ta rufe ni, na tabbata aure ya tashi: ga makaɗi, ga maƙaryaci mai rantsuwa.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, ya dube ni ta saman tabarau.

"Abin da nake tsoro ga mai neman 'yata shi ne zurfin ciki," ya ce. "Wannan kuwa duk Salaga ta ji abin da ke cikinsa. Hajiya, a kawo masa sakwarar nan. Ya ci a gabanmu, sannan mu ji ko jitar ma tana da gaskiya."

Na ci, jama'a. Na cinye tas a gaban mutum fiye da ɗari, ina lashe yatsu, don ba sauran mutuncin da zan adana. Sannan na mayar da fikof goshin jita, kowa na kallo, na yi waƙata, kuma ba ta taɓa fita da daɗi kamar ranar ba. Bayan wata biyu manyana suka je Salaga, aka karɓe su.

Yanzu in wani ya tambaye ni tsakanin ta kamfani da ta mannawa, cewa nake kowacce ka zaɓa za ta yi, amma ka bar ta inda mai gyara ya sa ta. In kuma surukarka ta ce ka ci abinci, ka wanke hannu kawai.