Mai Gadin Dare a Bakin Tukunya

Duk garin Gujranwala babu shugaba irin Chaudhry Nazakat Cheema. Shi da bakinsa ya tabbatar mana, kuma mutum ne da ba ya ƙarya sai in ya buɗe baki. Sana'arsa dafa abincin biki, amma wannan ta neman tuwo ce kawai. A zuci shi kocin wasan kurket ne wanda ƙasa ta yi asararsa.

Ya taɓa buga wasan kuwa, sau ɗaya, yana ɗan makaranta. Ƙwallon farko ta watsa sandunan da ke bayansa, alƙalin wasa ya ɗaga yatsa ɗaya sama, alamar a fita. Wanda ya fita bai ci ko ɗaya ba, mukan ce ya yi ƙwai. Tun ranar ake kiransa Kyaftin Ƙwai. Allah ya yi masa baiwar kunne: rabin farko na sunan kaɗai yake ji.

Bana ya je Lahore wani taro kan darussan shugabanci daga manyan masu horar da 'yan wasa. Bayan cin abincin rana barci ya ɗauke shi, amma ɗan abin da ya tsinta kafin nan ya ishi gari. Ya dawo da farar malafa, da baƙin tabarau, da usur, duk da a kurket ba a busa usur.

Madafa ta koma filin wasa. Ba a yanka albasa sai an jefa kwabo a ga wa zai fara. Kullum da safe sai ma'aikata sun yi da'ira sun dafa kafaɗun juna, ana shaƙar warin tafarnuwa ana sauraren hikima.

"Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka," in ji shi. "Shi ya sa na tara ku. Ku ɗauka, ni in nuna inda za a ajiye."

Ana haka Malik Dilawar Awan ya ba shi aikin walimar babban ɗansa. Malik na da sauran 'ya'ya maza a layi, kuma wanda ya dafa wa Malik shi zai dafa wa gari. In shinkafa ta yi kyau, Chaudhry ya haye. In ta ɓaci, sai ya nemi mai sayen tukwane.

Wani ƙaramin shugaba da sai ya bar Ustad Boota, gwanin dafa shinkafar biryani, ya yi abin da ya saba. Chaudhry ba ƙarami ba ne. Ya tuna darasi na ƙarshe da ya ji a Lahore: in wasa ya yi tsanani rana na shirin faɗuwa, kyaftin mai hankali ba ya jefa gwaninsa cikin haɗari, sai ya tura wanda ake kira mai gadin dare ya tsare wuri. Daidai nan barci ya zo, bai ji cewa laƙabi ne na wani ɗan wasa ba. Mai gadin dare kuwa yana da shi: Chacha Rehmat, tsoho mai gora.

Ranar walima, an ɗora tukwane a bayan rumfa, usur ya yi ƙara.

"Ustad, yau kana benci."

"Wane benci, Chaudhry sahib? Wuta fa na ci!"

"Gwani ba a ɓarnatar da shi. Na ajiye ka sai babban wasa."

"To wannan ɗin na 'yan yara ne?"

"Ka ji tunanin ɗan wasa. Ni tunanin koci nake."

Aka taso Chacha Rehmat daga barcinsa na rana, yana murza ido.

"Ɗana, ni ban da shayi da dafaffen ƙwai ban iya komai ba."

"Wa ya ce ka iya, Chacha? Tsarewa za ka yi. Kada kowa ya taɓa tukwanen nan sai na dawo."

Chacha ya ja kujera, ya gicciye gora a cinya. Tun da yake gadi ko cokali bai taɓa ɓata a hannunsa ba.

Shi kuwa koci ya zaga gaban rumfa, ya karɓe lasifika daga hannun mai sanarwa, don kada baƙi su tafi da ciki cike kai babu komai.

"Jama'a, aure kurket ne! Ango, ka san lokacin duka, ka san lokacin kaucewa. Ni a tawagata kowa ya san matsayinsa. Shugaba na gari ko ba ya nan aiki na tafiya. Yanzu haka ban san abin da ke faruwa a madafa ba, kuma hankalina kwance!"

A madafa Ustad Boota ya jiyo ƙauri, ya zabura daga benci. Gora ta tare shi.

"Chacha, don Allah, ƙonewa take!"

"Ta ƙone a hannun mai ita. Ba dai a sace ba."

"Murfin kawai zan ɗaga!"

"Haka duk ɓarawo ke cewa."

Ustad ya kwance rawanin kansa, ya karkaɗe, ya tsallaka titi zuwa shagon Butt, abokin gabar Chaudhry, wanda ya daɗe yana zawarcinsa.

Ko da hayaƙi ya leƙo rumfa ya katse huɗuba, biryani ta zama gawayi. Naman ma ya bi ta. Abu ɗaya ya tsira: kwandunan ƙwan da aka tanada don ado a saman shinkafa. Nan fa Chacha ya nuna gwanintarsa.

Aka jera fararen faranti a gaban manyan gari, kowanne da ƙwai ɗaya a tsakiya yana gangarawa. Can daga baya wani tsohon abokin makarantar Chaudhry ya ɗaga murya:

"Kai, Nazakat! Wancan karon ɗaya ka yi, yau ka raba wa kowa!"

Malik Dilawar bai yi dariya ba. Ya dubi farantinsa, ya dubi surukansa, ya dubi Chaudhry. Sannan a hankali ya ɗaga yatsa ɗaya sama.

Chaudhry ya gyara malafa, ya juya ga ma'aikatansa.

"Kun gani? Lamba ɗaya, in ji Malik sahib."

Ƙafafunsa dai sun fi shi tuna yatsan nan, don tuni sun kama hanyar ƙofa. Chacha Rehmat ya bi shi a baya, ya rufe ta, ya sa sakata.