Kaboyin Ƙaura a Karar Shinkafi

Allah Ya yi wa danginmu baiwa da taubashina Jelani, Shehin Majigi, mutumin da bai taɓa wuce Gusau ba amma ya san kowane lungu na Amurka ta shekara casa'in baya. Iliminsa kaf yana cikin wayarsa: tsofaffin fina-finan baƙi-da-fari na zamanin da hoto ya fara magana, masu ƙara kamar ana tuyar ƙosai.

Watan da ya kalli na 'yan daba, sai ya karkace hula, ya riƙa magana ta hanci, har Innarsa ta kai shi kemis. Da ya koma na raye-raye, ya buga marafan lemo a ƙasan takalminsa, ya taka rawa a dakalin masallaci, ladan ya biyo shi da buta. Yanzu kaboyi ne, makiyayin Amurka mai doki da igiya. Ya sayo malafa a Zurmi ya lanƙwasa gefenta, babur ɗinsa kuma ya zama dokinsa, Akawal.

Kullum yana yi mana darasi a majalisa: "Ku jahilai, kowane fim mutum uku ne. Jarumi, shi ka samun yarinya. Mugu, shi ka mutuwa. Sai wawa, wanda ka faɗawa kwamin ruwan dabbobi don a yi dariya."

To, Jarumin namu yana neman Suwaiba, ɗiyar Alhaji Maiwada, dillalin shanu a Shinkafi. Alhaji ya ce ba ya ba da ɗiyarsa ga wanda bai san dabba ba, ya zo kara, inda ake sayar da shanu, ranar kasuwa a gani. Na bi shi, don irin wannan alheri ba a bari a ji shi a bakin wani.

Muna isa da hantsi wani jan bijimi ya ƙwace, ƙahonsa kamar a shanya wanki. Masu kamu suka lallaɓa ta baya za su zarga mai igiya a ƙafa, yadda kowa ke yi tun kakanni. Jelani ya ɗaga hannu.

"Ku dakata! Wanga aikin ƙauye ne. A wuya aka kama sa. Baba, yau za ka ga ilimi."

Alhaji ya ce, "Bismilla, ɗana."

A fim, kaboyi yana ɗaure bakin igiyarsa a sirdi. Jelani ba shi da sirdi, saboda haka, cikin hikimar da Allah Ya ba shi, ya ɗaure a ƙugunsa. Ya juya igiyar bisa kai har sau bakwai, ya jefa. Wallahi ta shiga! A ƙaho ɗaya.

Bijimi ya waiwayo, ya dubi Shehi, ya zabura. Ban taɓa sanin taubashina yana da sauri haka ba. Ya gaisa da rumfar masu igiya a kwance, ya ratsa kashin shanu na mako guda, yana kiran Inna da Hausa tsantsa, ba ko hanci. Tafiyar ta ƙare a kwamin ruwa, tsundum. Wata tsohuwa mai nono ta miƙa wa bijimin ɗan gishiri a tafin hannu, ya tsaya yana lasa, malafar Jarumi na lilo a ƙahonsa.

Alhaji ya tako har bakin kwamin, ya leƙa.

"Jelani, an ce mini kai ka cewa mutum uku ne a fim. Tuna mini, wanda ka faɗawa ruwa, shi aka ba yarinya?"

Shehi ya tofar da ruwa. Ilimi dai ilimi ne, bai iya yi masa ƙarya ba.

"A'a, Baba."

"Madalla. Ashe Turawan ma suna da hankali."

An ɗaura auren Suwaiba da Armiya'u, ɗaya daga cikin masu kamun ƙafa. Malafar kuwa Alhaji ya bar wa bijimin, ya ce shi ya ci fim ɗin.