Rasuwar Waifai ɗin Kwamfutar Malam Sanda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ko kokon safe ta kasa karɓa, ni Malam Sanda Maska, malamin gona, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Waifai ɗin kwamfutata, ranar Talata da hantsi, tana da shekara shida.

Marigayiya mai zumunci ce. Ba ta taɓa wuce gidan mutane ba ta gaisa da intanet ɗinsu ba. Daga bakin masallaci take jiyo na wayar liman. Idan saƙo ya shigo ta ce "ƙilin!" a hankali, kamar mai jin kunyar surukai.

Shekara biyu kwamfuta tana roƙona in sabunta mata manhaja, ni kuwa ina ce mata sai an jima. Ran nan ina cin gasasshiyar masara, yatsa ya zame, ya danna amincewa. Kwamfutar ta juya ta juya, ta mutu, ta farfaɗo. Da ta buɗe ido, babu Waifai, babu alamarta. Sunayen manoma tamanin masu jiran taki suna ciki, ga ofis ya ce ranar Juma'a za a rufe karɓar sunaye ta intanet.

Na kashe na kunna sau tara. Na hura mata iska. Na ɗauke ta a babur zuwa Funtua wajen Mudi mai gyara, ya duba ya ce, "Malam, direban Waifai ɗin ne ya gudu, wato 'yar manhajar da ke tuƙa ta." Da na faɗa wa maiɗakina Hansai, sai ta ce, "Au, har direba gare mu, nake taka sayyada zuwa gidan biki?"

Mudi ya dawo da tsohon direba, ta ƙi shi. Ya kawo sabo, ba su san juna ba. Da la'asar ya cire tabarau ya ce in yi haƙuri.

Ta rasu ta bar batir mai jinya, da linzami gurgu, da manoma tamanin a ƙofar gidana. Ta kuma bar magajiya, wata 'yar na'ura da na sayo a tasha, wadda ta rantse ba za ta kama intanet ba sai an sauko mata da direba daga intanet.

Za a binne gawar gobe Alhamis a aljihun tebur, kusa da tsofaffin cajoji. Zaman makoki a zaure ne. Masu zuwa gaisuwa kada su wahala da goro. Kowa ya zo da wayarsa cike da data, da igiyar da za mu jona ta da kwamfuta.